Daga ƙofar kumandan zuwa tashar kasuwa: tarihin tsohuwar motar daji a Magarya da Dungas

A ƙasar Magarya da Dungas, motar nan mai ja da ƙafa huɗu, wadda bakin jama'a ya laƙaba wa suna kat-kat, ba kasafai take isowa sabuwa a hannun mutumin gari ba. Hukuma ce ke kawo ta, ko furoje, ko wata ƙungiyar agaji. In ta yi musu aiki na ƴan shekaru, sai takardun ofis su ce ta mutu, a jingine ta a bayan gini, ƙarƙashin dogon yaro, awaki na kwana a inuwarta. Daga nan ne wani ɗan kasuwa ko tsohon direba zai saye ta a gwanjo, ya ja ta zuwa gareji, ta tashi ta shiga jigilar mutane da buhuna tsakanin kasuwannin ƙauye. Wannan rayuwa ta biyu ta fi ta farko tsawo, ta kuma fi ta shafar talaka, amma ita ce ba ta samu shiga littattafan tarihi ba.

Ƙasar ce da kanta ta nemi irin wannan mota. Jigawa ce mai rairayi, da tuddai da kwaruruka, da fadamun Korama waɗanda kan riƙe ruwa bayan damina. Hanyar kwalta da ta taso daga Damagaram ta bi ta Bande ta sauka Magarya, tafiyar kusan kilomita 90, sa'an nan ta zarce kan iyaka wajen Tinkim. Da an sauka daga kanta an nufi ƙauyuka, sai turba da sawun amalanke. Da rani rairayi ya riƙe ƙafar mota, da damina laka ta riƙe ta. Dungas da Washa tsofaffin garuruwan Sosebaki ne, sarautar Magarya kuwa reshe ce ta gidan Daura, saboda haka tun kafin a ja layin iyaka fuskar fataucin yankin kudu take kallo, wajen Daura da Kano. Jaki da raƙumi da takarkari su ne suka ɗauki wannan fatauci ɗaruruwan shekaru.

Mota ta fara nuna kanta a ƙasar Damagaram tun birnin yana hedikwatar mulkin mallaka, wato kafin a mayar da ita Yamai a 1926. A ƙarshen 1924 ayarin kamfanin Citroën mai motoci 8, waɗanda ƙafafunsu na baya ke tafiya bisa sarƙar roba, ya ratsa ta Tasawa da Damagaram a kan hanyarsa ta zuwa tafkin Cadi. Wannan dai abin kallo ne, ya zo ya wuce. Abin da ya zauna shi ne babbar motar gujiya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya noman gujiya ya bunƙasa a kudancin Damagaram, aka share hanyoyi da guminsu talakawa a ƙarƙashin aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Amma babbar mota iyakarta inda hanya ta kai. Daga gona zuwa wurin awo, har yanzu jaki ne. Ba a samu motar da za ta bar hanya ta shiga daji da gaske ba sai bayan yaƙin duniya na biyu.

A ranar 30 ga Afrilu 1948 kamfanin Rover na Ingila ya nuna wata sabuwar mota a baje kolin Amsterdam. Injiniya Maurice Wilks ne ya tsara ta, yana koyi da Jeep ta sojan Amurka, da nufin manomin Ingila ya ja garma da ita da safe, ya je kasuwa da ita da yamma. Ƙarfe ya yi wuya a Ingila a lokacin, gwamnati ce ke rabon sa, don haka aka yi gangar jikin motar da alminiyam, wanda ake ce wa gorar ruwa, aka bar ƙarfe ga shasi da bangon da ke tsakanin inji da direba. Dabara ce ta rashi, amma ita ta ba Land Rover tsawon rai, domin gorar ruwa ba ta tsatsa. Samfuri na biyu ya fito a 1958, na uku a 1971, aka ci gaba da yin sa har 1985. Wadda ta fi yaɗuwa a ƙasashen Sahel ita ce doguwar, mai lamba 109, lambar da ke nuna tazarar inci tsakanin ƙafafun gaba da na baya.

Mutanen ƙauye ba a matsayin motar manomi suka fara sanin ta ba. Kumandan ne a ciki ya fito rangadi, ko masu karɓar lanho, ko jandarma, ko ma'aikatan duwan suna farautar masu tsallaka iyaka da gujiya da atamfa. Wannan farauta ba ƙarama ba ce a Magarya: duk shekarar da farashi ya fi kyau a wani gefen iyaka, can buhuna ke kwarara da dare, har wani mai bincike, John Collins, ya rubuta kundi guda a 1974 a kan gwamnati da cinikin gujiya a wannan yanki. Ƙarar inji a bakin gari a wancan zamani ba albishir ba ce. Bayan samun ƴancin kai a 1960 masu shiga motar suka ƙaru. An kafa SONARA a 1962 domin sayen gujiya, da UNCC a wannan shekarar domin ƙungiyoyin manoma da bashi, ga malaman gona da masu wayar da kai, ga sufetocin lakkwal masu zagaya azuzuwan zana. Sannu a hankali motar da ake gudu ta zama wadda ake jira, musamman in ta asibiti ce.

A fannin lafiyar ne ma aka ga wani darasi. Lokacin da aka fara yaƙi da agana da ƙyanda a ƙasashe 20 na yammaci da tsakiyar Afirka a 1967, Nijar na cikinsu, Amurka ce ta ba da kuɗi da motoci, motocin kuwa ƙirar Dodge ne. Ƙarfi suna da shi. Sai dai in wani abu ya karye, akan daɗe ana jiran kayan gyara daga ƙetaren teku, masu lamba suna zaune. An ci nasarar aikin, agana ta ƙare a yankin a 1970, amma Dodge ba ta yi zuriya a tashoshin ƙauye ba. A daji, motar da ake samun kayanta a kasuwa ita ke rayuwa, ko da akwai wadda ta fi ta ƙarfi.

A nan ne Magarya da Dungas suka yi sa'ar maƙwabci. Land Rover motar Ingila ce, Najeriya kuwa cike take da ita, a hannun ƴan sanda da soja da ma'aikatan En'e, har ana haɗa ta a can. Kusoshinta da notocinta da awon inci aka yi su, ba da milimita irin na motocin Faransa ba, saboda haka sifanar da ta dace da ita a Kano take. Makaniken Magarya ya fi kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano nesa ba kusa ba a kan shagunan Yamai, na Dungas kuwa Maigatari na bakin ƙofarsa. Akwai ma wata alama da ke taimakon mai bin diddigi. Har zuwa 2 ga Afrilu 1972 a hannun hagu ake tuƙi a Najeriya, sitiyarin motocinta yana dama. Tsohuwar Land Rover mai sitiyari a dama, in an gan ta a wannan gefen iyaka, mafi yawa daga kudu ta ƙetaro, kuma shekarunta sun ja.

Shekarun 1970 suka sauya komai. Farin 1973 da 1974 ya zo, a 1975 kuma cutar da darɓa ke yaɗawa ta cinye gujiya a Nijar da arewacin Najeriya baki ɗaya. Manoma suka koma ga hatsi da wake, masana'antar man gujiya ta SEPANI da aka gina a Magarya ta rasa abin matsa. A madadin gujiya sai furojoji suka shigo, babbansu shi ne wanda ake kira 3M, na Mirya da Magarya da Matamai, da kuɗin Turai. Kowane furoje da motocinsa yake zuwa, kuma kowane furoje yana da ranar ƙarewa. Ƙa'idar hukuma ita ce motar da aka yanke ba ta da sauran amfani a cire ta daga lissafi a sayar da ita a gwanjo. Ta wannan ƙofa, da ta ƴan mishan da Turawa masu ratso Sahara su sayar da motarsu su koma gida ta jirgi, kat-kat ta sauko hannun jama'a.

Sayen irin wannan mota ilimi ne mai zaman kansa. Mai saye na gari ba fenti yake dubawa ba. Kwanciya yake a ƙasa ya bi shasi da ido da ɗan guduma, yana neman tsaga a inda sifirin ke riƙe, domin a ƙasar da ba damshi ba tsatsa ke kashe shasi ba, lodi ne da gargada. Sa'an nan ya ɗaga ƙafa ya girgiza, ya saurari giya, ya duba launin hayaƙi in injin yana tashi. Sau da yawa ba ya tashi. Masu wayo ba sa sayen guda: akan sayi biyu ko uku matattu a tayar da ɗaya, sauran su zama rumbun kayan gyara a bayan gareji, ana ciro musu abu ɗaya bayan ɗaya har su koma ƙashi.

Abin da ya sa gyaran ya yiwu shi ne yadda aka ƙera motar tun farko. Kusan komai nata da noti aka ɗaure shi. Ana iya cire rufi, a cire ƙofofi, a sauke fikafikan gaba, a ɗage gangar jiki dukanta a bar shasi tsirara, duk a ƙarƙashin bishiya, da sarƙa da ƙarfin yaran gareji. Allunan jikinta shimfiɗaɗɗu ne, in sun lotse guduma da katako sun isa. Injin mai silinda 4, na lita 2 da kwata, ba shi da gudu, yana kuma shan mai, amma yana haƙuri da man kwalba na bakin hanya da ƙurar hunturu, kuma babu wani abu a cikinsa da ido ba zai gani ba, hannu ba zai kai ba. Aikin kuwa ba na makanike kaɗai ba ne. Maƙeri, wanda kakanninsa suka ƙera hauya da kwashe, shi ke mayar wa gajiyayyen sifirin lanƙwasarsa, ya ƙara masa ganye biyu ko uku don ya ɗauki kaya fiye da abin da Ingila ta rubuta. Mai walda ya ɗinke tsagar shasi ya ɗora mata faci, ya tayar da keji a baya, ya shimfiɗa wani a bisa rufi. Kafinta ya sa bencina. Mai faci ya yanko tsohuwar taya ya yi robar da babu ita a kasuwa. In injin asali ya ƙare ƙurmus, a nemo na wata mota dabam, sau da yawa na gazuwal, a yi masa mazauni. Bayan shekaru, motar da ta fito daga Solihull takan zama haɗin gambiza, lamba ce kawai ta rage ta asali. Duk da haka direbanta ya san kowane noti da inda ya samo shi.

Tana da lagonta, kuma duk direban daji ya san shi: sandar da ke juya ƙafar baya takan karye in an tilasta mata cikin rairayi da lodi. Shi ya sa ba a fita ba tare da wata a ƙarƙashin kujera ba. In ma babu, akwai mafita, a zare karyayyar a sa giyar ƙafa huɗu, ƙafafun gaba su ja motar a hankali har gida. Kusa da babbar giya akwai ƙananan sanduna biyu, mai jan kai da mai rawayan kai. A danna rawaya, ƙafa huɗu su kama. A ja ja baya, motar ta rage gudu ta ƙara ƙarfi, ta hau tudun da doki ma sai ya yi nishi. Kafin a shiga rairayi mai zurfi akan rage iskar taya, karen mota ya sauka da shebur da guntun ƙarfe ko rassan kaba, fasinjoji maza su sauka su tura. Babu wanda ake rage wa kuɗin mota don ya tura.

Mako na irin wannan mota ranakun kasuwa ne ke tsara shi. Yau tana wannan gari, gobe wancan, ranar Alhamis kuwa hanya ta nufi Maigatari, babbar kasuwar dabbobi. Buhunan wake da riɗi a ƙasa, mutane a bisansu, tumaki a ɗaure a rufi, kaji a rataye. Ranar da ba kasuwa, ita ce motar amarya, ita ce ta mai naƙuda da haihuwa ta gagara a ƙauye cikin dare. Malamai da yawa da aka tura lakkwal ta daji a bayanta suka fara ganin garin da za su koyar, da katifa da akwatin littattafai.

Wadda ta karɓe mata sarauta daga Japan ta zo. Toyota ta fara kiran motarta Land Cruiser a 1954, samfurin 40 ya yi zamani daga 1960 zuwa 1984, na 70 ya gaje shi kuma har yau ana ƙera shi. Ta fi ƙarfin inji, ta fi jure lodi, ba ta yawan zubar da mai. Yaƙin Cadi da Libiya na 1987, wanda duniya ta sa wa sunan Toyota, ya ƙara mata suna a duk Sahel. Hukumomi da ƙungiyoyi suka juya gare ta, kuma tun da abin da hukuma ta saya yau shi ne gwanjon gobe, tashoshi ma suka juya. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100, ta ninka kuɗin duk wani sabon ƙarfe da ke zuwa daga Turai, ta ƙara tura makanikai ga kayan kwance da na kwaikwayo. Amma babban abokin hamayyar tsohuwar motar kasuwa ba mota ba ne. Babur ne mai araha, ƙirar Sin da Indiya, wanda ya cika ƙauyuka tun shekarun 2000. Ɗan kabu-kabu ba ya jiran mota ta cika, yana kuma bin turbar da ko kat-kat ba ta bi.

Sabuwar kat-kat dai ba ta daina zuwa ta tsohuwar ƙofarta ba. A yunwar 2005 fararen Land Cruiser na ƙungiyar likitoci ta MSF suka shigo Magarya suna kwaso yara masu tamowa daga ƙauyuka. Da aka ɗaga Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, tare da Dogo-Dogo da Gushi da Malawa, sababbin ofisoshi suka buɗe, kowane da buƙatar motarsa. Sai dai motocin wannan zamani da yawa kwamfuta ke sarrafa injinsu, kuma abin da kwamfuta ta kulle, guduma da kunne ba sa buɗe shi. Ko za su yi rayuwa ta biyu mai tsawo irin ta magabatansu, tambaya ce da ke gaban kowane gareji.

A daidai lokacin da tsohuwar motar ke ɓacewa a nan, a Turai da Amurka daraja ta ƙara. An ƙera Defender ta ƙarshe mai tsohon fasali a Solihull ranar 29 ga Janairu 2016, bayan an yi fiye da miliyan 2 tun daga 1948. A wannan shekarar kamfanin da kansa ya sanar zai nemo 25 daga cikin samfurin farko ya sabunta su, kowace a kan fam dubu 60 zuwa 80, abin da ya haura sefa miliyan 40. A Amurka wata doka ta 1988 ta sauƙaƙa shigo da motar da ta cika shekara 25, dillalai suka bazu duniya suna neman tsofaffin Land Rover da Land Cruiser, kuma sun fi son na ƙasashe busassu, inda gishirin da ake zuba wa titunan Turai lokacin ƙanƙara bai ci shasi ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, amma maganin nasu dabam ne. Mai sabuntawa a Ingila burinsa ya mayar da mota yadda ta fito daga masana'anta: fenti na asali, noti na asali, lambar inji ta dace da ta shasi. Duk abin da maƙeri da mai walda suka ƙara, a wurinsa aibi ne da za a kankare. A gareji na Magarya kuwa ba a taɓa tambayar yadda motar take a ranar haihuwarta ba, ana tambayar ko za ta kai kasuwa gobe.

Ga mai tarihi, abin da Bature zai kankare shi ne takardar shaida. Ƙarin ganyen sifirin yana faɗin irin kayan da aka ɗauka. In aka kankare fenti a hankali a ƙofa, ƙarƙashin shuɗi ko kore na mai haya akan tarar da fari na furoje, wani lokaci har da inuwar tambarinsa. Injin da aka sauya yana nuna shekarun da fetur ya yi tsada ko ya yi arha a kan iyaka. Ƙaramin allon da ke ɗauke da lambar shasi kuwa mabuɗi ne, domin gidan tarihin motoci na Gaydon a Ingila yana riƙe da kundin masana'antar, yana kuma ba da takardar da ke nuna ranar da aka ƙera mota da inda aka aika ta. Saboda haka in wata ƙungiyar al'adu ko majalisar gari ta yi niyyar adana ɗaya, kuskure ne ta bi sawun masu sabuntawa na Turai ta mayar da ita sabuwa fil. Motar da ta dace da gidan tarihin Damagaram, ko farfajiyar gidan matasa na Magarya, ita ce mai keji da benci da faci, da kirarin da mai ita ya sa aka rubuta mata a goshi.

Lokaci kuwa ba ya jira, kuma ba dillalin Turai ne babban mai cinye su ba. Ƴan gwangwan ne, masu saye da kilo. Shasi ya tafi wurin narka ƙarfe, sifirin ya koma hannun maƙeri ya zama gatari da wuƙa, ƙafafu da sandarsu su shiga ƙarƙashin amalanken shanu, gangar jiki ta gorar ruwa, wadda ta ƙi tsatsa shekara 50, ta dace da buƙatar masu zubin tukwane. Tsofaffin direbobi da makanikan da suka koyi aiki a kan samfuri na biyu da na uku su ma sun manyanta. Aikin da malamin tarihi zai iya yi da ɗalibansa cikin hutu guda ba ya bukatar kuɗin furoje: a zagaya garejoji da bayan ofisoshi a Magarya da Dungas da Bande da Washa, a ƙirga abin da ya rage, a kwafi lambar kowane shasi, a ɗauki hoto, a zauna da mai motar a naɗi muryarsa yana faɗin wanda ya saya daga hannunsa, da nawa, da kasuwannin da ta ci.